Virginia Apgar: Likitar da ta sa aka fara auna illar maganin uwa a jikin jariri

A rajistar ɗakin haihuwa ta asibitoci da dama, a Najeriya da sauran ƙasashen duniya, akwai gurbi ƙarami da ake rubuta lambobi biyu a cikinsa, misali 8 da 9. Ta farko makin da jariri ya samu ne minti ɗaya bayan haihuwarsa, ta biyu kuma bayan minti biyar. Ana kiran wannan ma'auni Apgar, kuma mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ɗauka taƙaitaccen sunan wani abu ne. Sunan mace ne, wata likita Ba'amurkiya da ta rasu a shekarar 1974. Ta ƙirƙiro ma'aunin ne domin ta amsa tambayar da ta dame ta a wurin aiki, wato me magungunan da ake ba mace lokacin naƙuda suke yi wa abin da za ta haifa.

Asalinta da karatunta

An haifi Virginia Apgar ranar 7 ga Yuni, 1909, a garin Westfield da ke jihar New Jersey. Ita ce auta cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta, Charles Apgar, ma'aikacin kamfanin inshora ne, amma sha'awarsa tana ga kimiyya. Yana nazarin taurari, yana kuma harhaɗa na'urorin rediyo a gidansa. A shekarar 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ne ya naɗi saƙonnin sirri da wata tashar Jamusawa da ke Sayville take aikawa, abin da ya taimaka wa gwamnatin Amurka ta karɓe tashar. Gidan kuma ya san jinya, domin babban yayanta ya rasu yana ƙarami da tarin fuka, ɗayan kuma ya yi fama da doguwar rashin lafiya a ƙuruciyarsa.

Ta gama sakandare a 1925, ta shiga Kwalejin Mount Holyoke, inda ta karanci ilimin dabbobi, ta kammala a 1929. Daga nan ta wuce makarantar likitoci ta Jami'ar Columbia a birnin New York, daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye. Ta fito a 1933 tana ta huɗu a ajinsu, ta kuma samu gurbin koyon aikin tiyata a asibitin Presbyterian.

Shugaban sashen tiyata, Farfesa Allen Whipple, ya yaba da ƙwazonta, amma ya ba ta shawarar ta sauya hanya. Ya ga yadda matan da ya horar kafin ita suka kasa samun marasa lafiya da za su amince mace ta yi musu aiki. Ya kuma yi imanin tiyata ba za ta ci gaba ba sai an inganta fannin sa barci da kashe zafi, wanda a lokacin yawanci ma'aikatan jinya ne ke riƙe da shi, likitoci kuma suna raina shi. Apgar ta karɓi shawarar. A 1937 ta yi wata shida a Jami'ar Wisconsin wurin Dokta Ralph Waters, wanda ya kafa sashen koyar da wannan fanni na farko a jami'o'in Amurka, ta ƙara wata shida a asibitin Bellevue wurin Dokta Emery Rovenstine.

A 1938 ta koma Columbia a matsayin shugabar sabon reshen sa barci. Aikin bai zo da sauƙi ba. Likitocin tiyata ba su ɗauki mai sa barci tsaransu ba, albashin fannin kaɗan ne, samun matasan likitoci masu son shiga cikinsa kuma ya yi wuya. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara kwashe likitoci zuwa fagen daga, nauyi ya taru a kanta. Ta shafe shekara goma sha ɗaya tana gina reshen. Da aka ɗaga shi ya zama cikakken sashe a 1949, sai aka ba wani likita namiji, Emanuel Papper, kujerar shugabanci. Ita kuma aka naɗa ta cikakkiyar farfesa, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a makarantar. Da aikin mulki ya bar hannunta, sai ta mayar da hankali kacokan ga ɗakin haihuwa na asibitin mata na Sloane.

Halin da ta tarar a ɗakin haihuwa

A shekarun nan, mace mai naƙuda a asibitin Amurka kan sha magunguna masu ƙarfi. Tun farkon ƙarni na ashirin aka yayato wata hanya daga Jamus, ta haɗa mofin da sukofolamin, domin mace ta haihu cikin magagi, ta farka ba ta tuna wahalar ba. Daga baya aka ƙara da fetidin da magungunan sa barci iri-iri, sannan a ƙarshen naƙuda a shaƙa mata iskar da za ta gusar da hankalinta. Yawancin waɗannan magunguna suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗan tayi, kuma suna rage masa ƙarfin jan numfashi.

Duk da haka, idanun kowa a ɗakin suna kan uwa. Jaririn da ya fito lakwas, ba ya kuka, jikinsa ya sauya launi, sau da yawa ajiye shi ake yi gefe, wani lokaci a rubuta cewa ba shi da ƙarfin rayuwa ko an haife shi a mace. Babu wata hanya guda da aka amince da ita ta bayyana halin jariri. Wani likita yana duba lokacin da ya fara numfashi, wani lokacin da ya fara kuka, wani kuma ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau bisa abin da idonsa ya nuna masa. Saboda haka ba a iya kwatanta jariran wannan asibiti da na wancan, ba a kuma iya cewa wannan magani ya fi wancan illa.

Ma'auni mai alamomi biyar

Apgar ta zaɓi alamomi biyar da mai sa barci ya saba lura da su a jikin wanda ake yi wa tiyata, waɗanda kuma za a iya dubawa cikin daƙiƙoƙi ba tare da wata na'ura mai tsada ba. Su ne bugun zuciya, ƙoƙarin numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, martanin jariri idan an taɓa shi ko an tsokane shi, da launin jiki. Kowace alama tana samun maki 0, 1 ko 2. A bugun zuciya, alal misali, idan babu shi sam 0 ne, idan bai kai 100 a minti ba 1 ne, idan ya haura 100 kuma 2 ne. Jimillar makin tana kamawa daga 0 zuwa 10. Ta tsayar da lokacin dubawa a daƙiƙa sittin cif bayan fitowar jariri, domin ta lura a wannan lokaci ne jaririn da ke cikin matsala ya fi nuna ta.

Ta gabatar da tsarin a wani taron likitocin sa barci a 1952, aka buga shi a mujallar fannin a 1953. Rahoton ya ƙunshi jarirai 1,021 da aka haifa a Sloane. Cikin 65 da suka samu maki 0 zuwa 2, tara sun rasu, wato kashi 14 cikin ɗari. Cikin 182 da suka samu 3 zuwa 7, biyu ne suka rasu. Cikin 774 da suka samu 8 zuwa 10, ɗaya kaɗai aka rasa. Rahoton ya kuma nuna cewa jariran da aka ciro ta tiyata bayan an yi wa uwa allurar kashe jiki ta ƙashin baya sun fi samun maki a kan waɗanda aka sa iyayensu cikakken barci.

Akwai wata ƙa'ida da ta nace a kanta, wadda duk mai aikin bin diddigi zai gane hikimarta. Ta lura likitan da ya karɓi haihuwa yakan ba jaririn maki fiye da yadda ya cancanta, domin yana ganin makin tamkar sakamakon aikinsa ne, kuma so hana ganin laifi ne. Don haka ta ba da shawarar wani dabam ya riƙa ba da makin, ko mai sa barci ko ma'aikaciyar jinya.

Hukuncin da lambobi suka yanke wa wata iska

Da ma'aunin ya samu, sai ta juya shi kan magungunan kansu. Ta haɗa gwiwa da Dokta Stanley James, likitan yara ɗan asalin New Zealand, da Dokta Duncan Holaday, likitan sa barci mai ƙwarewa a gwajin jini. Sun riƙa auna jinin jarirai, suka tabbatar da cewa masu ƙarancin maki suna da ƙarancin iskar oksijin a jini, jinin nasu kuma ya yi tsami fiye da ƙima. Wannan ya nuna makin yana da tushe a cikin abin da ke faruwa a jiki.

Sannan suka binciki wata iskar sa barci mai suna saikulofurofen, wadda ta yi tashe a ɗakunan haihuwa saboda saurin aikinta. Apgar kanta ta daɗe tana amfani da ita, tana kuma sonta. Binciken da suka buga a 1957 ya nuna iskar tana ƙetare mabiyiya, jariran matan da aka shaƙa wa ita kuma sun fi fitowa a raunane idan aka kwatanta da na matan da aka kashe wa sashen jiki kaɗai. Ta bi abin da sakamakon ya nuna, ta yi kira a rage amfani da iskar ga masu haihuwa. A hankali likitoci suka karkata ga allurar kashe jiki, wadda ke barin uwa a farke, ta kuma rage abin da ke isa ga jariri.

A 1958 ita da abokan aikinta suka fitar da rahoto na biyu a kan jarirai sama da 15,000. Daga baya wani babban bincike da cibiyoyin lafiya goma sha biyu suka yi a Amurka, kan jarirai fiye da 17,000, ya nuna makin minti biyar ya fi na minti ɗaya nuna wanda ke cikin haɗarin mutuwa a kwanakin farko. Daga nan al'adar rubuta lambobi biyu ta kafu. A 1962 wani likitan yara a birnin Denver, Joseph Butterfield, ya daidaita haruffa biyar na sunanta da kalmomin Ingilishi biyar na alamomin domin ɗalibai su riƙa tunawa. Wannan ne ya sa har yau wasu ke zaton sunan taƙaitawa ne.

Daga ɗakin haihuwa zuwa nakasar cikin ciki

Tana dab da cika shekara hamsin ta sake komawa aji. A 1959 ta samu digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma daga Jami'ar Johns Hopkins, inda ta zurfafa a ilimin ƙididdiga. A shekarar ce ta bar Columbia ta koma gidauniyar March of Dimes, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa a 1938 domin yaƙi da shan inna. Bayan samun allurar riga-kafin cutar a 1955, gidauniyar ta karkata ga nakasar da ake haihuwar yara da ita, aka kuma ba Apgar jagorancin wannan sashe.

Ba ta daɗe a kujerar ba duniya ta ga bala'i mafi girma da maganin uwa ya taɓa jawo wa jarirai. Wani kamfanin Jamus, Grünenthal, ya fara sayar da maganin talidomaid a 1957 a matsayin maganin barci, mata masu ciki kuma suka riƙa sha domin tashin zuciyar farkon ciki. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi yara kimanin 10,000 a ƙasashe da dama da gajerun hannaye ko ƙafafu, ko babu su ɗungum. An ɗauki shekaru kafin a gano alaƙar, domin kowane asibiti yana ganin yaro ɗaya ko biyu, babu kuma rajista guda da ke tattara su, har sai da Dokta Widukind Lenz a Jamus da Dokta William McBride a Ostireliya suka haɗa bayanan. Amurka ta tsira daga mafi yawan ɓarnar saboda wata ma'aikaciyar gwamnatin tarayya, Dokta Frances Kelsey ta hukumar kula da abinci da magunguna, ta ƙi sa hannu a takardar izinin sayar da maganin sai an kawo mata gamsasshiyar shaida.

A wannan yanayi Apgar ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu wayar da kai kan lafiyar ɗan tayi. Ta zagaya Amurka tana jawabi ga likitoci da iyaye, tana fito da maganar nakasar haihuwa fili a lokacin da iyalai ke ɓoye ta saboda kunya. Ta riƙa jan hankalin mata masu ciki su guji shan magani ba da umarnin likita ba. Annobar rubela, wadda ake kira ƙyandar Jamus, ta 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai kimanin 20,000 a Amurka da kurumta, makanta ko ciwon zuciya. Apgar ta tsaya kai da fata wajen neman a yi wa yara riga-kafin cutar, wanda aka amince da shi a 1969. A 1972 ta wallafa littafin jagora ga iyaye tare da marubuciya Joan Beck, ta kuma koyar da ilimin nakasar haihuwa a makarantar likitoci ta Jami'ar Cornell.

Halayenta da rasuwarta

Waɗanda suka yi aiki da ita sun san ta da saurin magana da saurin tafiya. Ba ta rabuwa da ƙaramar wuƙa da bututun buɗe hanyar numfashi a jakarta, ko da wani zai shaƙe a gabanta. Tun tana yarinya take kaɗa goge irin na Turawa, daga baya ta koyi sassaƙa shi da hannunta. Tana tara kan sarki, tana kamun kifi, ta kuma fara koyon tuƙin jirgin sama bayan ta haura shekara hamsin. Ba ta yi aure ba. Ta rasu ranar 7 ga Agusta, 1974, sakamakon ciwon hanta, tana da shekara 65, a asibitin Columbia inda ta yi yawancin aikinta. A 1994 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonta.

Inda aikinta ya shiga kundin cututtuka

Tambayar da ta fara yi a Sloane yanzu tana da gurbi a Kundin Rarraba Cututtuka na Duniya, ICD, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da shi. A bugu na goma, wanda aka amince da shi a 1990, lambar P04.0 ta jaririn da maganin sa barci ko na kashe zafi da aka ba uwarsa lokacin ciki ko naƙuda ya shafa ce. P04.1 ta wanda sauran magungunan uwa suka shafa ce, P96.1 kuma ta jaririn da ke nuna alamun yankewar ƙwayar da uwarsa ta saba sha. Idan maganin ya bar nakasa a halitta, akwai rukunin Q86, wanda ya haɗa da illar barasa, da ta wani maganin farfaɗiya, da ta maganin tsinka jini na wafarin. Ma'aunin nata ma ya shiga kundin da sunansa, domin bayanin P21.0, shaƙewa mai tsanani lokacin haihuwa, ya ambaci maki 0 zuwa 3 a minti ɗaya, na P21.1 kuma maki 4 zuwa 7.

Waɗannan lambobi a fayil ɗin jariri ake rubuta su, ko da yake uwa ce ta sha maganin. A Amurka, daga Oktoban 2018, an ƙara rarraba P04.1 gida-gida, aka ware lamba ga maganin ciwon daji, da na farfaɗiya, da na ciwon damuwa, da dangin mofin, domin a san wane rukuni ne ke shafar jarirai nawa. Bugu na goma sha ɗaya na kundin ya fara aiki a duniya ranar 1 ga Janairu, 2022.

Ma'aunin Apgar yana da iyaka, kuma ƙungiyoyin likitocin yara da na haihuwa sun sha nanata ta. Ba ya nuna basirar yaro ko makomarsa. Shi kaɗai bai isa a ce jariri ya shaƙe ba, domin bakwaini ko wanda maganin uwa ya sa shi magagi zai iya samun maki kaɗan ba tare da ya rasa iska ba. Ba a kuma jiran cikar minti ɗaya kafin a fara ceto jaririn da ba ya numfashi. Alamar launi ita ce mafi rauni cikin biyar ɗin, musamman a jikin baƙar fata, shi ya sa ungozoma ke duba leɓe, harshe da tafin hannu.

A Najeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke karɓar rahoton illar magunguna, kuma tun 2004 ƙasar take cikin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan magunguna, wanda aka fara a 1968 sakamakon bala'in talidomaid. Abin da irin wannan shiri zai iya ganowa ya dogara ne ga abin da aka rubuta tun daga tushe: ko an tambayi mace magungunan da ta sha, har da na kemis da na gargajiya, ko an rubuta makin jariri a kan lokaci kuma bisa gaskiya, ko jami'in adana bayanai ya sanya lambar da ta dace. Daga waɗannan takardu ne alƙaluma ke hawa zuwa jiha, su isa ma'aikatar lafiya a Abuja, inda ake tsara kasafi da manufa. Idan an bar gurbin babu komai, ko an cika shi da 9 ga kowane jariri domin rajista ta yi kyau, maganin da ke cutar da jarirai zai ci gaba da yawo shekaru kafin wani ya lura, kamar yadda ya faru a ɗakunan haihuwar da Virginia Apgar ta tarar a 1949.